Zanen China da waɗanda ba su taɓa zuwa ba suka yi

Assalamu alaikum 'yan uwa, yau fa raina a ɓace yake wallahi. Yanzun nan na fito daga wani shagon tsofaffin littattafai a nan Amsterdam, mai shagon ya ciro min shafi ɗaya tal, irin zanen da ake sassaƙawa a jikin farantin tagulla a buga a takarda, wai Yuro 150, shafi ɗaya fa! Daga littafin Athanasius Kircher ne, China Illustrata, a garin nan aka buga shi a 1667. Shi Kircher ɗin limamin Katolika ne Bajamushe yana zaune a Rum, ƙafarsa ba ta taɓa taka China ba, labarin da 'yan mishan ke aiko masa kawai yake tattarawa, amma ya zauna ya yanke hukunci wai addinin mutanen China daga Masar ya fito, har rubutunsu ma. Guanyin, abar bautar da mabiya Buddha ke girmamawa saboda jinƙai, sai ya ce ai Isis ce, abar bautar Misirawan dā. Alhali daga Indiya addinin Buddha ya shiga China, to me ya kawo ƙasar Fir'auna a ciki?

Ni kam na zauna a Guangzhou lokacin da nake saro waya, na leƙa wurin bautarsu da idona, tsofaffin mata ne ke kunna turare a natse, ba addinina ba ne amma ba zan yi musu ƙarya ba. A garin ma masallacin Huaisheng yake, tsoho ne ƙwarai, na yi salla a ciki, ranar kewar Kano ta kama ni sosai.

Wanda ya je ɗin ma, Johan Nieuhof, ya bi tawagar kamfanin Holan har Beijing tsakanin 1655 da 1657, ya zano abin da ya gani, sai masu sassaƙa suka yi ta ƙari, bishiyoyin kwakwa nan da can, don littafinsa da ya fito a 1665 ya ci kasuwa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne Olfert Dapper, wani marubuci ɗan Holan. Ya fitar da nasa littafin na China a 1670, kafin nan kuma na Afirka a 1668, har da zanen birnin Benin, duk bai je ko ɗaya ba. Mu ma ba mu tsira ba kenan. Don Allah in kun shigo garin nan kuka ga irin takardun nan a cikin gilashi, kafin ku zaro kuɗi ku tambayi mai shagon ko mai zanen ya taɓa zuwa wurin.