Darasin masu keke: birki, ruwan kwari da kaca a damana

Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da damana. Darasinmu na yau na masu keke ne a nan Maradi: mai tasowa daga unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo zuwa babbar kasuwa, da mai ɗauko kayan lambu daga Jiratawa, da mai shigowa daga Tibiri da sassafe.

Hadarinmu daga gabas yake tasowa. In gabas ta yi baƙi, iska mai sanyi ta kaɗo, ƙura ta biyo baya, to ka nemi mafaka. Ruwan Maradi galibi da ƙarfi yake sauka ya ɗauke, don haka jira ya fi. Ka shiga zaure ko rumfar shago. Kada ka fake gindin itacen da ke shi kaɗai a fili, akwai aradu, kuma iska na karya reshen dogon yaro. Bangon ƙasa da ya sha ruwa ma ka nisance shi, mun ga gidajen da suka rushe a garin nan a damanar 2024, har da asarar rayuka.

To, ruwa ya ɗauke, ka hau. Nan nake son ku kasa kunne, maganar birki ce. Robar birki bakin ƙarfen taya take kamawa. In ƙarfen ya jiƙe, musamman a tsofaffin kekuna irin su Phoenix da Raleigh masu ƙarfe mai sheƙi, za ka matse birki ka ji keke na tafiya abinsa. Sai taya ta juya ƴan sau, robar ta share ruwan, sannan ta kama. Dabarar ita ce tun kana nesa da mararraba ka riƙa taɓa birkin a hankali, ka saki, ka sake taɓawa. Ka fara da na baya, na gaba ya biyo. In ka damƙe na gaba shi kaɗai a kwana, taya za ta zame, ƙasa za ta karɓe ka. Kafin ka fito gida kuma, ka duƙa ka dubi robar. Tana da ƴan tsage-tsage a fuskarta. In sun shafe ta yi sumul, ta ƙare, a sake ta. In kana jin ƙarar gurza, yashi ne ya maƙale, ka cire shi da tsinke.

Sai ruwan hanya. Garinmu gangare yake yi zuwa Gulbi, kuma dattawa sun san ambaliyar 1945 ce ta sa aka hauro da gari bisa tudu. Duk ruwan da ya sauka a tudun nan hanyar gangarawa yake nema, ta tituna da kwaruruka. Ruwa mai gudu ba a tsallaka shi bisa keke, ko da bai wuce ƙauri ba. Yana tafe yana cinye yashin da ke ƙarƙashin tayarka. Ka sauka. In ya kai gwiwa ka jira ya janye, wallahi babu saurin da ya kai ranka. In kaɗan ne kuma za ka tura, ka sa keken ta wajen da ruwa ke gangarawa, kai kana ta sama, don in ya fizge shi kada ya haɗa da ƙafafunka. Kwantaccen ruwa ma ba abin yarda ba ne, yana rufe rami da bakin kwata marar murfi. Ka bi sawun wanda ya wuce gabanka, kuma in ka ga wayar wuta a ƙasa ka juya.

Damana na da nata alherin. Yashin unguwa da ke hana ka tafiya da rani, in ya jiƙe sai ya daddale, keke ya tafi sarai. Lakar fadama ce matsala, tana cushewa tsakanin taya da murfinta har taya ta ƙi juyawa. Gudro kuma, wato titin kwalta, ya fi santsi a farkon ruwa, sa'ad da man motoci ya taso sama. Ka ɗan rage iskar taya, ka rage gudu.

Waya da takardu a ƙulle cikin leda. Ƙafar wando ta dama a naɗe ta, babbar riga a tattare ta. Laima a hannu kuwa, don Allah a bari, hannu biyu birki ke so. Da magariba ka ɗaura fitila, ko tocila ce, saboda ƴan kabu-kabu su gan ka.

Ka iso gida, kada ka jingine keke ka shige ɗaki. Ka zuba ruwa mai tsabta ka wanke kaca, ka goge da tsumma, ta bushe. Sannan ka ɗiga mai kaɗan kana juya feda baya, ka sake goge na waje. Mai in ya yi yawa yashi yake kamawa, su haɗu su cinye kaca da haƙoranta. Ka shafa bayan taya da tsumma ka duba ƙaya ko guntun kwalba, don jiƙaƙƙiyar roba ta fi saurin hudewa, kuma gara ka cire ta yau da ka tura keke zuwa wurin mai faci gobe da safe.