Gidan Rawa a Cikin Hedfon: Gwada Kiɗa Kafin Ya Isa Hannun DJ

Duk mai haɗa kiɗan rawa ya san wannan tashin hankali. A sutudiyo komai ya zauna daram, amma ranar da DJ ya ɗora kiɗan a kan manyan sifikun gidan rawa, sai bes, wato sauti mai kauri, ya danne murya, ko kuma ya ɓace ɓat.

Me ke jawo haka? Abu na farko, ƙananan sifikun kan tebur ba su da ƙarfin fitar da sautin da ke ƙasa da hertz 50 (hertz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti; ƙaramar lamba na nufin sauti mai kauri), alhali a nan ne nauyin kiɗan house da techno yake. Sannan ga ɗakin kansa. Tsawon igiya ɗaya ta sautin hertz 40 ya kai kusan mita takwas da rabi. A ɗaki mai mita uku ko huɗu, sautin yakan bugi bango ya dawo ya yi karo da kansa: a wata kusurwa ya ninka, a wani wuri ya mutu. Idan kujerarku ta faɗo inda ya mutu, za ku yi ta ƙara bes ba tare da kun san kuna ɓata aiki ba.

A nan ne manhajojin kwaikwayon gidan rawa suka shigo. Injiniyoyi kan je gidan rawa lokacin da babu kowa, su kafa makirufo a filin rawa, sau da yawa a cikin kunnuwan wani kan mutum-mutumi. Sai su saki wani sauti mai tashi daga mafi kauri zuwa mafi siriri, su naɗe abin da ya dawo. Wannan hanyar awo, wani masani ɗan Italiya, Angelo Farina, ya bayyana ta a shekarar 2000. Abin da aka naɗa yana ɗauke da halin sifikun, da amsa-kuwwar bango, har da yadda kan mutum ke tare sauti kafin ya isa ɗaya kunnen. Manhajar sai ta ratsa kiɗanku ta cikin wannan awo, ku ji shi a hedfon tamkar kuna tsaye a tsakiyar fili.

Daga cikin irin waɗannan manhajoji, VSX na kamfanin Slate, wanda ya fito a 2020, yana zuwa da nasa hedfon, domin dole manhajar ta san halin abin da ke kunnenku. Realphones na dSONIQ kuwa yana gyara hedfon iri-iri da mutum ya riga ya mallaka.

To, me za ku saurara? Ku fara da bes. Gidajen rawa da yawa suna haɗe sautin hagu da na dama wuri ɗaya kafin ya shiga manyan sifikun ƙasa. Idan kun baza bes ɗinku hagu da dama don ya yi daɗi a hedfon, ɓangarorin biyu na iya cinye juna idan aka haɗe su. Shi ya sa ƙwararru ke tattara duk abin da ke ƙasa da kusan hertz 100 a tsakiya. Daga nan ku duba dukan ganga da bes: shin kowanne yana fita sarai, ko sun cakuɗe sun zama gurnani? Masu aiki da irin gangar amapiano, wannan naku ne musamman. Amsa-kuwwa ma a rage ta, ai gidan rawar zai ƙara tasa.

Amma fa kar a ruɗe ku. Hedfon ba ya girgiza ƙirji. A gidan rawa na Fabric da ke Landan, wanda aka buɗe a 1999, har a ƙarƙashin daɓen filin rawa aka sa na'urorin da ke tura bes cikin ƙafafun masu rawa. Babu manhajar da za ta ba ku wannan. Kuma an auna ɗakin ne babu kowa, alhali jikin jama'a yana shanye siririn sauti. Kada kuma ku ce za ku cike giɓin da ƙure ƙara: hukumar NIOSH mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka ta ba da shawarar kada a wuce minti 15 a rana ana sauraron sautin da ya kai desibel 100 a ma'aunin ƙarfin ƙara.

A ganina, amfanin manhajar yana wurin kwatantawa. Ku ɗauki kiɗan da kuka taɓa jin ya tashi gidan rawa, ku sa shi cikin manhajar, ku daidaita ƙararsa da ta naku, sannan ku riƙa sauyawa tsakaninsu. Bambancin da kuka ji, shi za ku gyara.

Kafin ku fitar da fayil ɗin ƙarshe, ku tabbata kun kashe manhajar. In ba haka ba, za ku miƙa wa DJ kiɗan da ke ɗauke da amon wani ɗaki, nasa ɗakin kuma ya ɗora nasa a kai.