Ina Sauran Maganar Baba Ta Tafi?

Tun bayan hawan Sallah ake ta tura saƙon nan a WhatsApp a Damagaram. Wani dattijo mai busa algaita ya zauna hira da wata ƴar rahoton rediyo kusan rabin awa, da dare iyalinsa suka kewaye akwati, sai muryarsa ta fito daƙiƙa 20 kacal. Wasu sun ce raini ne, wasu sun ce don bai ba da na goro ba. Ku biyo ni mu ga inda sauran maganar take shiga.

Ga ƴar rahoton nan da sassafe a ƙofar fada, cikin Birni. Dawakai, ƙura, kakaki, tambari. Ta ɗauki amon wurin tukuna, sannan ta ja Baba bayan katanga, don in ta tsaya kusa da masu busa, ko kalma ɗaya ba za a ji ba. Ta yi hira, ta hau babur, ta koma gidan rediyo.

To, a nan za mu zauna.

Waɗannan tudun da kwarin da kuke gani a kwamfuta, muryar Baba ce. Inda layin ya kwanta, numfashi ya ja. Ma'aikata suna kiran aikin nan montaj. A ce babban edita ya ba ta minti 2 cikin labaran dare. Cikinsu za ta faɗi abin da ya faru, ta sa amon hawa, ta sa muryar wani daga fada, da ta wata uwa da ta kawo yara kallo. Nawa ya rage wa Baba?

Gaisuwa ce take fara fita. "Ina kwana ƴata, ina gajiya, ina mutan gida?" Ni kam wannan ne ya fi yi mini daɗi a bakin dattijo, amma ba shi da wuri a labarai. Sai maimaici, sai inda jiniyar mota ta ratsa, sai amsar da ba ta tsayawa da ƙafarta in ba a ji tambayar ba.

Yanzu ku kasa kunne. Baba ya ce: "Yaran yanzu ba su son koyon busa, sai dai ƴaƴan gida, su kam suna nan riƙe da ita." Ku dubi inda ta ɗora alamar yanka. In ta yanke a kan "busa", ta samu daƙiƙoƙinta, amma ta sa wa Baba maganar da bai yi ba, gari ya kwana da cewa algaita ta mutu. Ga shi ta mayar da alamar baya, ta bar jimlar ta kai ƙarshe, ta je ta rage nata bayanin. Abin da ya kamata mu tuhumi ɗan jarida a kansa ke nan: bayan ya yanka, maganar tana nan yadda mai ita ya nufa? Tsawonta kuwa, agogo ne yake yanke shi.

Zancen goro fa? Ba zan ce ba a taɓa yi ba. Amma rediyon ƙasa, wanda ya fara aiki a 1958 kuma muke kira Muryar Sahel, na jama'a ne, kuma muryar mai algaita a labarai ba haja ba ce. Sanarwar biki ko cigiya daban, ita ake biya.

Sauran hirar kuma ba a zubar ba. Irinta ce ake ajiye wa shirin al'adu, inda Baba zai faɗi wanda ya koya masa, da yadda ake cika kumatu da iska ana shaƙa ta hanci don kada busa ta yanke.

Saboda haka in aka miƙo muku makirufo, a filin kokowa ne ko a kasuwar Dole, ku tambaya: "Ƴata, na labarai ne ko na shiri?" In ta ce na labarai, ku fara da maganar da kuka fi so a ji.