Jirgin da ba shi da birki: lacca kan tuƙin jiragen ruwa masu gudun tsiya

Assalamu alaikum warahmatullah. Na gode da kuka ba ni aron kunnuwanku. Na baya, kuna ji na? To, madalla.

Duk wanda ya taɓa tuƙa mota a cikinku ya san cewa idan abu ya gitta masa, ƙafarsa ce ke fara magana kafin kansa ya gama tunani, sai ya taka birki. Ƙaramin jirgin ruwa mai inji ba shi da wannan. Abin da matuƙi yake da shi kawai shi ne ya sassauta totur, ruwa ya riƙe jirgin a hankali. Kuma yawancin irin waɗannan jirage da ƙarfin turawar farfela suke juyawa, saboda haka in ka firgita ka saki totur gaba ɗaya, ka rage wa sitiyarinka ƙarfi a daidai lokacin da ka fi bukatarsa. Ku riƙe wannan, domin a kansa sauran maganata take.

Ga ɗan lissafi. Jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa yana cinye kusan mita 28 a cikin daƙiƙa ɗaya. Ka waiga ka amsa wa wanda ke bayanka magana na daƙiƙa uku, ka wuce fiye da mita 80 ido rufe. Sannan idan ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin karo ninkuwa yake sau huɗu. Shi kuma ruwan da muke gani da laushi, ya fi iska kauri kusan sau 800. Wanda aka wurgo a kansa a irin wannan gudu ba nutsewa yake fara yi ba, buguwa yake fara yi.

Mutanen da suka fi kowa sanin wannan su ne masu neman kafa tarihin gudu, kuma ruwa ya ci gwanaye da yawa a cikinsu. Henry Segrave ya rasu a tafkin Windermere na Ingila a 1930. John Cobb ya rasu a tafkin Loch Ness a 1952. Donald Campbell, ranar 4 ga Janairu 1967, a tafkin Coniston, ya gama zagayen farko da jirginsa Bluebird K7, ya juyo nan take bai jira ruwan ya kwanta ba. Yana gudun da ya haura kilomita 480 a awa goshin jirgin ya ɗaga, jirgin ya tashi sama ya wuntsila. Sai a 2001 aka ciro gawarsa. Tarihin da Ken Warby ya kafa a madatsar ruwa ta Blowering a Ostireliya a 1978, kilomita 511 a awa, har yau ba a karya shi ba, kuma mutum biyu da suka gwada bayansa, Lee Taylor a 1980 da Craig Arfons a 1989, duk a nan suka bar ransu.

Me ke sa jirgi ya tashi? In gudu ya yi yawa, jirgin hawowa yake saman ruwa, ɗan gindinsa kaɗan ne ke taɓawa. Iska na shiga ƙarƙashinsa tana ɗaga shi kamar fiffike. Taguwa guda, ko iska ta kaɗo ta gaba, ta isa ta ɗaga goshin ya wuce ƙima, daga nan kuma aikin ya fita hannun matuƙi. Didier Pironi, wanda ya yi suna a tseren motoci na Formula 1, taguwar da wani jirgin dakon mai ya bari ce ta kifar da shi kusa da tsibirin Wight a 1987, shi da abokan tafiyarsa biyu duk suka rasu. Stefano Casiraghi, mijin Gimbiya Caroline ta Monako, ya rasu a tsere a 1990.

To amma jama'a, waɗannan duk da saninsu suka shiga. Kuma wasan nasu ya ɗauki darasi. A manyan gasanni yau matuƙi yana zaune ne a cikin rufaffen ɗaki mai ƙarfi, ɗaure da bel, da hular kwano, da tukunyar iskar shaƙa. Ana sa shi ya yi atisayen fitowa daga ɗakin a kife a cikin ruwa kafin a bar shi ya yi tsere. Ga masu ninƙaya na ceto suna jiran ko-ta-kwana. A manyan jiragen tseren teku ma raba aikin ake yi, ɗaya na riƙe sitiyari, ɗaya na riƙe totur, don an san aikin ya fi ƙarfin hankalin mutum ɗaya.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai kuɗin da ya sayi jirgi mai ƙarfin doki ɗari uku, ya zuba iyalinsa da abokansa a ciki, ba ɗaki, ba bel, ba mai ceto. Su waɗannan fasinjoji ba su sa hannu a kan komai ba. Amana suka ba shi.

Bari in daɗe kaɗan a kan wani hatsari, don ya fi dukkan waɗancan koya mana abu. A watan Mayun 2013, a bakin kogin Camel kusa da garin Padstow na Ingila, wasu iyali su shida suna yawon shaƙatawa a jirginsu. Aka sha kwana da ƙarfi, dukkansu suka zube a ruwa. Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila jiƙewa kawai za su yi. Amma injin bai mutu ba. Jirgin da ba kowa a cikinsa ya shiga zagaye yana dawowa ta kansu da farfelarsa. Uban da 'yarsa mai shekara takwas suka rasu, uwar ta rasa ƙafa. Hukumar binciken hatsarin jiragen ruwa ta Birtaniya ta gano cewa ba a ɗaura igiyar kashe inji ba.

Wata 'yar igiya ce, galibi ja, mai naɗi. Gefe ɗaya na maƙale a makunnin inji, ɗayan a ƙafar matuƙi ko a rigarsa ta ceto. Ya faɗi, igiya ta fizgo, inji ya mutu. Ɗaura ta ba ya cin daƙiƙa biyar. Na sha jin masu jirgi na cewa tana takura musu, ko kuma ai kusa za a je. Amurka dai ta gaji da wannan uzuri, tun 1 ga Afrilu 2021 dokar tarayya ta wajabta amfani da ita a jiragen da tsawonsu bai kai ƙafa 26 ba idan suna gudu.

Na san abin da wani zai ce a ransa: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ban musa ba. Amma wanda ya koya mana tawakkali shi ne ya ce a ɗaure raƙumi tukuna. Wanda ya bar igiya tana lilo a jikin makunni bai ɗaure komai ba, kuma in rai ya salwanta, sunan abin ganganci.

Sai maye da dare. José Fernández, fitaccen ɗan wasan ƙwallon sanda (baseball) na ƙungiyar Miami Marlins ta Amurka, jirginsa ya daki duwatsun tare taguwa a gaɓar Miami cikin dare a Satumbar 2016, yana gudun fiye da kilomita 100 a awa. Shi da mutum biyu suka rasu. Binciken hukumomin Florida ya nuna shi ke tuƙi, kuma akwai barasa da hodar ibilis a jininsa. Wannan ba ya bukatar dogon sharhi.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, dokokin ƙasa da ƙasa na kauce wa karo a teku, waɗanda aka amince da su a 1972, ba su yanka wa kowa adadin gudu ba. Doka ta biyar ta ce ka sa ido da kunne a kowane lokaci. Ta shida ta ce ka yi gudun da za ka iya kauce wa karo kuma ka tsaya a tazarar da ta dace, gwargwadon nisan ganinka, da cunkoso, da iska, da yanayin ruwa. Wato hukuncin an bar shi a wuyan matuƙi. Gudun da ya halatta da hantsi a ruwa kwance yana iya zama laifi da magariba a wuri guda. Idan aka zo bincike, tambayar da za a yi maka ita ce me ka gani, me ya kamata ka gani, kuma me ya hana ka sassautawa.

Na ga mai gabatarwa yana nuna mini agogo. Akwai batun rigar ceto da yadda ake zaunar da fasinja, don na gaba ya fi shan duka in jirgi na tsalle a kan taguwa, har ƙashin baya kan karye. Zan taɓo su a lokacin tambayoyi. Malam na can gefe, na ga ka daɗe da ɗaga hannu, bismillah.