Ojalá: da gaske "in sha Allah" ce Sifaniyawa ke faɗi?

[Ɗan ƙwallo gaban makirufo, bayan an tashi wasa]

Ku kasa kunne. Ɗan jarida ya tambaye shi ko za su ɗauki kofi bana. Ya ɗaga kafaɗa, ya yi murmushi, ya ce: ojalá.

Duk sanda irin wannan bidiyo ya fito, sai ka ga an yanko wurin ana ta turawa, wai ga ɗan wasa ya ce in sha Allah. Wasu har barka suke masa da shiga Musulunci. Jama'a, a dakata da walimar tukuna.

Da farko, ba "ojala" ake cewa da ja irin ta jaki ba. Harafin nan a Sifaniyanci daga maƙogwaro yake fitowa, kamar "kha" ta Larabci. O-kha-la, a ja ƙarshen.

[Taswira: Maroko, mashigin ruwa, Sifaniya]

Masu cewa akwai sunan Allah a cikinta ba su yi ƙarya ba. A shekarar 711 Tariƙ ɗan Ziyad ya ƙetare wannan mashigi da rundunarsa. Dutsen da kuke gani shi ne Jabalu Tariƙ, wanda baki ya murɗe ya koma Gibraltar. Daga nan har faɗuwar Granada, daular Musulmi ta ƙarshe a can, a 1492, kusan shekara 800 ke nan ana Larabci a ƙasar da aka sani da Andalus. An ƙiyasta kalmomin Sifaniyanci masu tushen Larabci sun kai kimanin 4,000, idan aka haɗa da sunayen wurare.

[Kalmomi na wucewa ɗaya bayan ɗaya]

Azúcar, sukari. Aceituna, zaitun. Alcalde, wannan alƙalinmu ne, sai dai a can ya bar kotu ya koma magajin gari. Alhaja, kayan ado mai tsada, tushensu ɗaya da hajar da ɗan koli ke bazawa a kasuwa. Rijiya ɗaya muka sha da su, kowa da gugarsa.

To mu koma kan tamu.

[Rubutun Larabci biyu, gefe da gefe]

Ƙamus ɗin Real Academia Española, wato hukumar da ke kula da harshen tun 1713, ya ce ojalá ta fito ne daga Larabcin Andalus: law sha Allah. Ku lura da kalmar farko. Ba "in" ba ce, "law" ce. Wanda ya taɓa zama gaban malamin nahawu ya san tazarar da ke tsakaninsu. "In" ta abin da ake sa ran zai auku ce. "Law" kuwa ita ce "da" ɗinmu ta Hausa: da Allah ya so. Tun daga tushe ke nan, kalmar ta fi karkata ga buri, ga abin da zuciya ke so amma ba ya hannun mutum.

Kuma haka take aiki har yau. Bari mu gwada ta sau biyu.

Gwaji na farko, bashi. Bahaushe ya ce maka, gobe zan kawo maka kuɗinka in sha Allah. Alkawari ne ya ɗauka, ya jingina shi ga yardar Ubangiji. E, na sani, akwai masu in sha Allah ɗin da ba ta zuwa, wannan hira ce ta wata rana. Amma idan kana bin mutumin Madrid kuɗi, ka ce gobe zan samu? ya ce maka ojalá, to ka fara neman shaidu. Abin da ya gaya maka shi ne: kai dai Allah ya sa, ni ma haka nake fata. Bai ɗauki alkawarin komai ba.

Gwaji na biyu ya fi fito da abin fili. An ci ƙungiyarka jiya. Za ka ce in sha Allah mun ci wasan jiya? Sai a yi maka dariya. Amma Basifaniye zai dafe kai ya ce: ojalá hubiéramos ganado. Ina ma da mun ci. Abin da ya riga ya wuce, abin da ba zai taɓa yiwuwa ba, duk ojalá na shiga. A ganina, duk mai fassara da ya ci karo da ita, ya zaɓa tsakanin "ina ma" da "Allah ya sa", ya ƙyale in sha Allah a wurinta.

Idan kuma suna son faɗin in sha Allah ɗin sosai, suna da tasu: si Dios quiere, idan Allah ya so. Ita kam mai faɗinta ya san ya ambaci Allah. Ojalá kuwa, Kirista na faɗinta, wanda bai yarda da kowane addini ba yana faɗinta, daga birnin Sebiya na Sifaniya har Meziko da Ajantina, kuma da yawansu ba su taɓa jin cewa akwai sunan Allah a ciki ba.

[Tsohon rubutun hannu, a matso kan harafin x]

Saura tambaya ɗaya: ina "sha" ta tafi? A da, oxalá ake rubutawa, kuma x ɗin nan "sh" ake karanta ta. O-sha-la. Kun ji ta matso gida, ko? Tsakanin ƙarni na 16 da na 17 sai lafazin ya zame zuwa maƙogwaro, "sh" ta koma "kh", kuma a 1815 hukumar harshen ta mayar da rubutun zuwa j. Ba ita kaɗai abin ya shafa ba. Shaihu ya zama jeque. Sharab, abin sha, ya zama jarabe, maganin tari na ruwa. Mutanen Meziko ne suka ƙi sakin x a sunan ƙasarsu, shi ya sa suke rubuta México amma su furta Mekhiko. Mutanen Fotugal kuwa, maƙwabtan Sifaniya, har yanzu oshala suke cewa, da "sh" ɗinta cur.

[Komawa kan mai gabatarwa]

Hotuna sun ƙare mini, amma akwai wata da ba zan bari ta wuce ba, don na san za a tambaya. Fulano. Idan kun ji an ce fulano a Sifaniyanci, 'yan uwana Fulani ku kwantar da hankali, ba da ku ake ba. Fulan ce ta Larabci, wato wane. Wane ɗan wane.

Ita ma sallamar da suke yi, hasta luego, wato sai an jima, hasta ɗin "hatta" ce, wadda mu ma muke cewa hatta yara sun sani.

To, hasta luego. Bidiyo na gaba zai fito ranar Juma'a? Ojalá.