Go Ta Ƙi Ganin Fankshin Ɗinka? Duba Harafin Farko

Assalamu alaikum, masu koyon Go, yaren rubuta manhajar kwamfuta. Kwanan nan tambaya ɗaya ce ke ta zagayowa: na rubuta fankshin a wani fakiti (package), na shigo da fakitin, amma kwamfaila, wato manhajar da ke fassara kod ɗinmu ga kwamfuta, ya ƙi yarda. To, mu gani tare.

Ga foldar aikinmu. Na buga go mod init kasuwa. Na buɗe wata folda a ciki mai suna lissafi, da fayil ɗaya, layinsa na farko package lissafi. A main.go kuma na rubuta import "kasuwa/lissafi", wato sunan modul sannan sunan folda. Wannan duk kun iya, ba zan ɓata muku lokaci ba.

Nan ne nake so ku buɗe ido. Fankshin ɗinmu sunansa tara, kuɗin kaya biyu yake haɗawa. Na kira shi: lissafi.tara. Na buga go run main.go. Ga kuskure ya fito.

Fayil ɗin yana nan, hanyar ma daidai take. Laifin ƙaramin t ɗin nan ne kawai. A Go, duk sunan da ya fara da ƙaramin harafi ɗan cikin gida ne, 'yan fakitinsa kaɗai ke ganinsa, ko da suna fayil daban. Wanda ya fara da babban harafi shi ke fitowa zaure ya gaisa da baƙi. Wanda ya saba da Java zai yi ta neman inda zai rubuta public. Ɗan'uwa, huta, Go ba ta da wannan kalma.

Ku duba. Na mayar da shi Tara a inda na rubuta shi, da inda na kira shi. Wuri biyu fa, kada a manta ɗaya. Ga amsa ta fito.

Kun daɗe kuna bin wannan doka ba ku lura ba: fmt.Println, ai P ɗin babba ce. Ni kam tsarin nan na Robert Griesemer da Rob Pike da Ken Thompson, waɗanda Google ta fitar da yarensu a 2009, yana burge ni ƙwarai. Da ganin suna ka san na gida ne ko na waje.

Wani abin daɗi kuma: dokar ta shafi duk babban harafin Unicode, har da namu masu lanƙwasa. Ƙirga zai fita waje, ƙirga zai zauna a gida. 

Haka abin yake a cikin struct, wato tsarin da ke haɗa bayanai masu suna wuri ɗaya. Idan ka rubuta farashi da ƙaramin f, fakitin encoding/json, mai mayar da bayanai zuwa tsarin rubutu na JSON, zai tsallake shi shiru, ko gargaɗi babu. Sai ka ga JSON ɗinka ya fito babu farashi. Mayar da shi Farashi, ka sake gwadawa.