Hirar Zango: ranar da muka shiga tsohon gidan sarki a Manhyia

Yaya: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Kumasi, ƙasar Gana. Yau ina tare da Kawu da kuma Autanmu. Kawu, barka da hutawa.

Kawu: Barka kadai 'yata. Ƙafafun ne har yanzu suke tuna mini matakalar benen nan.

Yaya: Asabar da ta wuce muka je gidan tarihi na fadar Manhyia, fadar sarkin Asante. Auta, daga unguwar Aboabo minti nawa pragya, keken nan mai ƙafa uku, ta kai mu?

Auta: Ko goma ba mu yi ba, Yaya. Ina wuce ƙofar nan kullum in zan je kasuwar Kejetia, ban taɓa tunanin shiga ba. Na ɗauka wurin Tonawa ne, wato mutanen Asante, da Turawa masu yawon buɗe ido.

Kawu: Ba kai kaɗai ba. Nan aka yanke cibiyata, ga furfura ta cika kai, sai ranar na taka cikin gidan.

Yaya: Ni ginin kansa ya fara kama ni. Bene ne hawa ɗaya, da baranda mai faɗi, ga ɗawisu suna yawo a tsakar gida. Ba wani ƙaton gini ba ne.

Kawu: Ai labarinsa ya fi shi girma. Turawan Ingila suka gina shi a 1925. Ku tuna, a 1896 suka kama sarkin Asante, Nana Prempeh na ɗaya, suka kai shi Elmina, daga nan Saliyo, daga nan tsibirin Seshel. Sai 1924 ya dawo, shekara 28 ke nan. Da suka miƙa masa gidan kyauta bai karɓa ba, sai da Tonawa suka biya kuɗin ginin tukuna ya tare.

Auta: Wannan ya tsaya mini a rai, Kawu. Mutum ya dawo ba shi da fada, tunda an rushe ta kakanninsa a yaƙin 1874, amma ya ƙi kwana a ɗakin da za a yi masa gori.

Kawu: Sarki ke nan. A gidan ya zauna har ya rasu a 1931, Prempeh na biyu ya gaje shi a ciki har 1970. Otumfuo Opoku Ware na biyu ya mayar da shi gidan tarihi a 1995, lokacin da ya cika shekara 25 a kan karaga.

Yaya: Da farko sai da aka zaunar da mu muka kalli ɗan majigi, sannan mai zagayawa da baƙi ya ce kowa ya mayar da wayarsa aljihu, ba a ɗaukar hoto a ciki. Na ji daɗin hakan, don ya sa na kalli abu da idona. Muna shiga wani ɗaki na yi sallama da ƙarfi, wallahi na ɗauka mutum ne zaune. Ashe mutum-mutumin sarki ne, da zanen kente a kafaɗa, zobban zinariya a yatsu, har jijiyar bayan hannu an fitar.

Auta: Ni kuma tsohuwar talabijin da firji da kujerun falo suka burge ni. Sai ka ji gida ne da aka rayu a ciki, an sha ruwan sanyi, an yi baƙi.

Yaya: To sai kayan zinariyar da aka dawo da su. Kawu, a nan na ga ka yi shiru.

Kawu: Dole in yi shiru. Yawancinsu an kwashe su ne tun yaƙin Sagrenti na 1874, wanda Garnet Wolseley ya jagoranta. A 2024, shekara 150 cif, gidan tarihin Fowler na Amurka ya mayar da guda 7, mayarwa ta har abada. Su kuwa gidajen tarihi biyu na Landan suka aiko da 32, amma aro, na shekara uku, wai ana iya ƙara uku. Na tsaya gaban lofen zinariyar nan da takobin sarauta, ina kallon aikin maƙeran garin nan, raina ya ɓaci. A shiga gidanka a ɗebi kayanka, bayan shekara ɗari da hamsin a ce an ara maka?

Auta: Sun ce dokar ƙasarsu ce ta hana su bayarwa gaba ɗaya.

Kawu: Dokar wa ya rubuta ta? Zanen aro ba ya rufe katara, Auta. Amma na ga yaran makaranta sun manna fuska a gilashi suna kallo, wannan kam ya sanyaya mini zuciya.

Yaya: Bari in dawo da maganar Auta ta farko, cewa wurin Tonawa ne. Kawu, mu 'yan Zango muna da hannu a wannan tarihi?

Kawu: Hannu dumu-dumu. Tun kafin Bature ya kafa mulki, fatake ke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Salaga, ƙasar Gwanja, su kawo tufafi da fata da kanwa, su koma da goron da ya fito daga dajin Asante. Baturen nan Bowdich da ya zo Kumasi a 1817 ya tarar da Musulmi a fada, ana jin maganarsu. Kun san babbar rigar yaƙin da sarki ke sawa in za a yi babban al'amari, batakari kese?

Auta: Wadda layu suka rufe ta ko'ina.

Kawu: To wa ya rubuta abin da ke cikin layun? Malamai ne, da tawada da alƙalamin kara. Har yau Tonawa Kramo suke kiran Musulmi, kuma akwai limamin fada.

Yaya: Amma akwai ɗaya ɓangaren, wanda ba mu cika faɗa ba.

Kawu: Gara a faɗe shi. Sojojin da Turawa suka yaƙi Asante da su, da yawa ana ce musu sojan Hausa. Ba duka Hausawa ba ne, duk ɗan arewa mai jin harshen haka ake kiransa, wasu ma bayi ne da suka gudu suka shiga soja. A 1900, da Gwamna Hodgson ya nemi a kawo masa kujerar zinariya ta sarautar Asante, sarauniya Yaa Asantewaa ta tayar da yaƙi, aka yi wa ganuwar Turawa ta Adum ƙawanya. Waɗanda ke riƙe da bindiga a ciki, masu jin harshen nan namu ne. Da na tsaya gaban mutum-mutuminta, abin da ke raina ke nan. Ita a Seshel ta rasu, a 1921, ba ta sake ganin gida ba.

Auta: Kawu, kakanmu na farko da ya zo garin nan, fatauci ya kawo shi ko soja?

Kawu: Mahaifina ya ce goro. Amma akwai tsohuwar akwatin ƙarfe a ɗakin Goggo, da takardun ajami a ciki, ba wanda ya buɗe ta tun rasuwarsa.

Yaya: To a roƙi Goggo ta ba mu mabuɗi. Ganuwar Adum ɗin ma yanzu gidan tarihin sojoji ce, Asabar mai zuwa can za mu, in Allah ya yarda.

Kawu: Allah ya kai mu. Auta, ka zo da littafi da biro, ka rubuta duk sunan da muka gani a bango.